Faifan 'Yan Sifen da Hanyar Babana

Shekarar da ƙugiyar gini ta faɗo a Harami, jikata Salma ta shigo mana gida a unguwar Tandabawi ta Makka da wata hayaniya. Na karɓi abin sauraren da ke kunnenta na saurara. Kamar ana sauke kwanon rufi daga mota.

"Faɗa ake?" na ce.

"Ya jaddi, kakana, waƙa ce. 'Yan Sifen ne, faifansu na farko. A gareji suka fara."

"Ba su iya ba."

"Sun sani. Ba su jira sun iya ba, suka ɗauka."

Yarinyar nan ta haddace faifan kaf, alhali ba ta jin yarensu. Amma garuruwan da babana ya ratsa da ƙafa daga Katsina zuwa Makka, da na fara jerowa sai ta ce da tsawo. Ni kaɗai na rage da su a ka, kuma ban iya rubutu ba. Wannan rubutun ma ita ke buga min a waya.

Wanda ubansa ya biyo ta Sawakin, tashar jirgin ruwa ta Sudan, ya yi magana a ƙasan wannan rubutun.

Gobe bayan asuba zan shiga garejin maƙwabci da wayarta, in ɗauki nawa faifan, in jero garuruwan babana. Muryata ba ta fi tasu muni ba.