Hannun Auta a Maƙogwaron Malama

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, da hantsi ina kan keken ɗinki, maƙwabciyata ta leƙo shago ta ce, "Maman Auta, kin ji Malamar aji ɗaya ta rasu?" Na ce wace Malamar? Na san wadda take nufi sarai, zuciyata ce kawai ta ƙi karɓa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, aka kai ki asibiti da ƙafarki, ba ki dawo ba. Malama, har yau in na biyo ta bayan makarantarku sai na rage sauri, ina kasa kunne wajen tagar ajinki ko zan ji muryar nan taki mai cika unguwa.

Ni ɗinki na iya, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma akwai abin da kika yi wa gidana wanda in na yi shiru a kansa ban yi miki adalci ba.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe. A gida mun ɗauka miskilanci ne ke damunta, domin sai a yi ta kwaɗa mata kira ko waiwayowa ba ta yi. Ke ce kika tare ni a bakin ƙofar makaranta, hannunki duk alli, kika ce, "Yarinyar nan ba allo take kallo ba, bakina take kallo. Ku kai ta a duba kunnenta." Likita ya tabbatar da maganarki: jinta ya yi rauni ƙwarai, sai abin da aka faɗa da ƙarfi a kusa da ita. Shugaban makaranta ya kira mu ni da babanta, ya ba da shawarar a kai ta makarantar kwana ta masu lalurar ji, a wani gari mai nisa. Ba da mugunta ya faɗa ba, ajin a cike yake maƙil, kuma gaskiyarsa ce. Amma yarinyar da har yanzu sai ta riƙe gefen zanina take barci, ita za a ɗauke mini? Haka na fito daga ofishinsa.

Kika bi Shugaban makaranta ciki kika roƙe shi. Kika ce ya ba ki zuwa ƙarshen zango. In ya rubuta abin da ya ga dama a allo Auta ta karanta, ta zauna. In ta kasa, ke da kanki za ki taya ni haɗa mata kaya. Ya yarda.

Daga ranar kika matso da ita benci na gaba, daidai ƙafarki. Sauran yara suna jin sautin harafi da kunne, ita kuwa kika ce da hannu za ta ji. Sai ki durƙusa, ki kama 'yan yatsunta ki ɗora a maƙogwaronki ki ja "zzz" har ta ji yana kaɗawa, sannan ki ja "sss" ta ji tsit. Ki ɗora hannunta a hancinki ki yi "mmm". Ki riƙe ɗan yankin takarda a gaban leɓenki ki hura "fff" ya yi ta rawa, ajin duka ya kwashe da dariya. Kina da guntun madubi a aljihun jaka, ku haɗa kai ku leƙa tare tana gwada bakinta da naki. Kina da faranti cike da yashi da take zana harafi da yatsa a ciki, da marafan kwalba da kika tsinto kika rubuta wa kowanne harafinsa. Na taɓa ce miki ajin nan naki ya fi kama da shagon 'yan gwangwan. Kika ce to ai ni ma sai in kawo ƙyallayen da nake zubarwa.

Faɗa ma kin yi mini, kuma na sha shi. Na zauna da Auta a gida da zummar taimako, ina koya mata sunayen haruffa da waƙa yadda aka koya mana muna yara. Washegari kika aiko a kira ni. Kika ce, "Maman Auta, kin ɓata mini aikin mako guda! Ba sunan harafi nake nema ba, kukansa nake nema. In kin ƙara, ke ma zan ajiye miki benci a aji ɗaya." Haka na koma ɗalibarki da girmana. Ina taka keke ina "mmm", ina guga ina "sss", har babanta ya ce gidan nan ya zama gidan ƙudan zuma, shi dai a bar shi ya sha iska a waje.

Auta ta kama sautuka ɗaya bayan ɗaya, amma haɗa su ya gagara. Ki ajiye mata marfi mai "m" da marfi mai "a", ta faɗi kowanne daidai, ki turo su su haɗu, sai ta tsaya tana kallonki. Ga shi zango yana ta ƙarewa. Haɗuwarmu ta ƙarshe na faɗa miki na fara ɗinka mata zanin gado na tafiya. Ranki ya ɓaci sosai. Kika ce, "Ajiye shi. Abin yana bakin ƙofa, ina jin motsinsa." Muryarki a dishe take a ranar, na ce ki je ki huta, kika ce sai an yi hutu.

Bayan rasuwarki Auta ta daina taɓa marafan. Na durƙusa yadda kike yi, na ɗora hannunta a wuyana, ta janye ta ce, "Ba haka na Malama yake ba." Wallahi ban ji haushinta ba, ni ma na san ba haka yake ba. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Shugaban makaranta ya so ya ɗaga ranar gwajin, amma makarantar kwanan tana jiran amsa. Jiya da safe muka shiga ajinki, ni da ita da shi. Farantin yashin yana nan a kan taga, ba wanda ya taɓa. Ya ɗauki alli ya rubuta: Zomo ya sha ruwa. Auta ta daɗe a tsaye, ni kuma na sunkuyar da kai, ina tunanin wace jaka zan saka mata kaya. Can sai na ji "zzz". Na ɗago, na ga ta ɗora hannu a maƙogwaronta ita da kanta. Ta ja sautin, ta kai shi kan na gaba ba tare da ta yanke ba, ta ce "zo", ta ce "zomo". Haka ta bi layin a hankali har ƙarshe. Shugaban makaranta ya ajiye allin ya ce, "Ta zauna."

Sai ta juyo gare ni, da ƙarfin muryar nan ta wanda ba ya jin kansa sosai, ta ce, "Mama, Malama ta ji?"

Shugaban makaranta ya juya mana baya yana goge allon da hannun riga. Malama, 'yata tana gida, jiya a jikina ta yi barci, kuma ke kaɗai nake so in ruga in faɗa wa, ga shi ba ki nan. Ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi. Duk harafin da wani yaro ya karanta ta dalilinki, Allah Ya sa shi a mizaninki. Ga maigidanki da 'ya'yanki, da mahaifiyarki da ta ga wannan rana da tsufanta, da abokan aikinki da 'yan aji ɗaya da ke ta tambayar yaushe za ki dawo, ina miƙa ta'aziyyata da ta gidana. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya sada mu da ke a Aljanna, inda Auta za ta karanta miki da bakinta. Amin.