Ranar da Na Jiƙa wa Tarwaɗa Kanwa

A lokacin da abin ya faru ni budurwa ce da ta gama karatun koyarwa a fannin noma, ta dawo gida Batsari tana jiran aikin da bai zo ba. Ba ni da surutu. Na fi son zama a gindin dalbejiyar gidanmu ina kallon gajimare, ina tsara baitocin da ba na nuna wa kowa. Babana malamin firamare ne, amma gonarsa ta wajen Ruma ce take ciyar da mu, kuma a shekarun nan gonar ta gagari zuwa saboda 'yan bindiga. Wanda ya fita da fartanya da safe, iyalinsa ba sa samun natsuwa sai sun ji sallamarsa. Haka muka zama mutanen cikin katanga.

Wata malamata da ke zaune a Safana ce ta koya mini kiwon kifi haɗe da shuka. Muka kafa tankin roba a bayan ɗakin girki, muka zuba 'ya'yan tarwaɗa, ƙaramin famfo mai sola yana tura ruwansu zuwa kwamin tsakuwa inda na shuka alayyafo da latas, ruwan ya tace ya komo. Ta bayyana mini cewa kashin kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare su, amma wasu ƙananan halittu da ke zaune a tsakuwar suna mayar da ita taki. Ta ba ni takardun gwajin tsamin ruwa, abin da ake kira pH, da 'yar kwalbar gwajin amoniya, ta ce kada in taɓa gyara ɗaya ban duba ɗayan ba. Na ce to, hankalina yana kan ƙarar ruwan da ke gangarowa, don a kunnena kamar rafi ya shigo gidanmu.

Ana nan Goggo, ƙanwar Baba, ta gudo daga Wagini da 'ya'yanta, gida ya cika. Takan tsaya bakin tanki ta kira ni uwar kifaye, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin gidan da ake ba kifi kalaci kafin mutane ba, kuma in gaya wa 'ya'yan nawa su yi sauri su girma don tukunyarta ta gaji da kuka zalla. Dariya muke yi, amma kowa ya san ba wasa take ba. Alayyafon ya riga ya shiga miyarmu, kifin kuwa shi ne naman da yaran suke jira.

Sai aka rufe kasuwanni, aka taƙaita zirga-zirgar babura, aka yanke layin waya. Abincin kifi ya ƙare, na koma ba su dusa da ƙanzo, rabi su ci rabi ya kwanta a ƙasa yana ruɓewa. Kwalbar gwajin amoniya ita ma ta ƙare. Wata safiya na tsoma takardar gwaji, ta nuna ruwan ya yi tsami fiye da yadda na taɓa gani. Kifin sun rage ci, amma suna yawonsu. Na ɗaga waya ba layi. Na roƙi Baba ya bar ni in je Safana, ya ce ko da zinariya ce a tankin ba zan taka wannan hanya ba. Na so in canza ruwan, amma rijiyar unguwa ta ja baya, abin da ke randunanmu kuma na sha ne da alwala. Na yini ina kewaya tankin nan, duk inda na juya katanga ce.

Washegari na ga Goggo tana miyar yakuwa, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ɗiga ruwan kanwa. Tun muna yara haka muka sani, in abu ya yi tsami kanwa ce maganinsa. Zuciyata ta yi fari. Na ɗebi kanwa cike da hannu, na jiƙa a bokiti, na juye gaba ɗaya cikin tankin. Da na sake gwadawa launin takardar ya juye, tsami ya tafi, har na yi wa Goggo albishir. Ta ce ashe bokon ma a madafa yake kwana.

Kafin la'asar kifin sun taso sama, sun tsaya a miƙe kai sama wutsiya ƙasa, jikinsu ya yi yauƙi fari. Wasu suna zabura suna bugun bangon tanki kamar masu neman ƙofa. Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a kaina, ya ce in ɗebi ruwan randa. Na juye abin da za a iya ragewa, bai kai ko'ina ba, sauran kuwa da na dubi yaran Goggo sai hannuna ya ƙi. Na durƙusa ina kallon su suna kifewa ɗaya bayan ɗaya. Sai Goggo ta taso. Ta ɗaura zane, ta kawo wuƙa, ta tsamo masu sauran motsi, ta hura wutar banda. Ko tsawon tafin hannu da yawansu ba su kai ba. Cikin 'yan kwanaki aka cinye su, ni ban iya kai ko ɗaya baki ba. Daga baya alayyafon ma ya yi rawaya ya kwanta, don babu mai ciyar da shi.

Sai da layi ya dawo malamata ta warware mini. Tsamin ya sa ƙananan halittun sun daina aiki, amoniya ta taru, amma shi tsamin ne kuma ya danne dafinta. Da na kashe shi lokaci guda, sai na sake ta a kansu. Ta ce da na dakatar da abinci, na kwashe dusar da ta kwanta, na riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan, da wataƙila sun rayu.

Abin da na koya shi ne, idan mutum ya rasa mafita hannunsa yakan ƙagu ya yi wani abu, ko mene ne, don kawai kada ya zauna. 'Yan'uwana masu irin wannan kiwo a bayan gida, kada ku taɓa tsamin ruwa ba ku san yawan amoniyarsa ba, kuma in za ku gyara, ku bi a hankali cikin kwanaki. In kayan gwaji sun ƙare, ku janye abinci ku jira. Tarwaɗa tana jure yunwar kwanaki. Nawa kuwa ko yini ɗaya ba su jure taimakona ba.