Goron da Muka Kai wa Kamfanin Jirgi

A littattafan yayyena mata na ƙware da karatun Hausa. Sukan karɓo su haya wajen wani mai tebur a bakin kasuwar Wunti, su tura ƙarƙashin katifa, ni kuma in zaro in sun tafi islamiyya. Kafin in gama sakandare na riga na san yadda namijin kirki yake zuwa neman aure. Ba ya zuwa a motar haya da kaji a ƙarƙashin kujera. Daga matakalar jirgi yake saukowa, iska tana kaɗa gefen babbar rigarsa, ƙamshin turarensa ya riga shi taka ƙasa. Wataƙila an taɓa gaya mini ba haka duniya take ba, amma ina tsakiyar wani shafi ban ji ba.

Na girma na zama malamin firamare. Na kuma kamu da son wata yarinya da ta zo karatun jami'a a nan Bauchi, iyayenta suna Abuja. Bayan ta gama ta koma gida, sai ta kira ni ta ce mahaifinta ya amince in je in gaishe shi ranar Asabar bayan Azahar. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya tsufa a cikin fayiloli, irin mutumin da ko ruwan sama ya jiƙa shi ba zai yarda an yi ba sai ya ga takarda.

"Baba ba ya jira," in ji ta. "Yana sallame salla yake duba agogo."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ta sama zan zo. Na sayi tikitin jirgin ƙarfe tara na safe.

Tun bakwai ina filin jirgi, cikin farar shadda da ta sha bugu. Tara ta yi, ta wuce. Wata murya mai daɗi ta ce jirgi yana hanya. Wajen sha ɗaya aka zo ana raba mana biskit da ruwan roba. Wani dattijo da ke kusa da ni ya karɓi nasa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ɗana, in ka ga sun raba biskit, to ka saki jiki. Ba yanzu ba." Ta gilashi ina hango shanu can bayan shingen waya suna kiwo. Kafin Azahar sun tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan, wato sun fi mu yin tafiya.

Na kira yarinyar sau uku. A na farko na ce mata nisa gishirin ƙauna ne. A na biyu ta ce Baba ya shimfiɗa darduma a falo. Na ukun ba ta ɗauka ba. Bayan La'asar saƙo ya shigo: "Baba ya ce kada ka wahalar da kanka."

Jirgin ya iso dab da Magariba. Na tsaya ina kallon mutane suna hawa matakalar nan da na yi shekaru ina mafarkinta, kowa a gajiye, riguna duk sun yamutse. Ban shiga ba. In je in gaida wa? Na naɗe babbar rigar a hammata na koma gida.

Bayan kwana uku ta kira, muryarta ta dushe. Mahaifinta ya ce duk maƙaryacin zamani da jirgi yake fakewa. Ya ce shi ya san doka: kamfanin da ya ɓata wa fasinja yini guda yana biyan diyya, wanda ya biya diyya kuma yana rubuta takarda. In kawo takardar da hatiminta kafin wata ya ƙare. In babu, to in manta da hanyar gidansa, ta sama da ta ƙasa.

Ofishin kamfanin yana GRA, wani tsohon gida ne na Turawa da bishiyoyin mangwaro a harabarsa. Manajar wata mata ce mai fara'a, 'yar Bogoro, da ƙaramin gicciye a wuyanta. Ta miƙo mini takardar koke. Akwai wurin suna, wurin lambar tikiti, sai wani ɗan akwati da bai fi faɗin ashana ba, an rubuta a samansa: asarar da ka yi.

Na tafi da takardar gida. Asarata ba ta shiga akwatin ba, don haka na sayi takardu na haɗa. Shafi goma sha ɗaya na rubuta. Na fara da cewa: "Ya ku masu jirgi, kun riƙe gangar jikina a Bauchi alhali zuciyata ta tashi tun Asuba, ta sauka Abuja, tana tsaye a ƙofar gidan mutane ba riga ba hula." Na kwatanta idanunta. Na kwatanta yadda take ɗan karkatar da kai in za ta yi dariya. A shafi na tara ne na tuna na ambaci lokacin da jirgin ya iso.

Da na koma bayan mako guda, tun daga ƙofa maigadi ya miƙe ya ba ni hannu bibbiyu. Mai sayar da tikiti ta leƙo ta ce, "Shi ne? Malam, to daga ƙarshe ta ɗauki wayar?" Ashe takarduna sun zagaya ofis kaf, har wani ya tafi da shafi na shida gida bai dawo da shi ba.

Manaja ta ce ta karanta sau biyu, har ta yi ƙwalla. Sannan ta juyo da fuskar kwamfuta wajena.

"Amma Malam, kwamfuta ya ce ba ka shiga jirgi ba. Wanda bai zo ba, ba shi da diyya."

"Na zo! Tun bakwai ina wurin. Har biskit ɗinku na ci!"

"Kana da ledar?"

Ba ni da ledar. Ta ce abin da kawai za ta iya buga mini shi ne abin da ke cikin kwamfuta, wato takarda mai hatimi da ke cewa fasinja bai zo ba. Na yi tunanin wannan takarda a hannun mahaifin yarinyar, na ce mata kada ta buga. Saura kwana tara wata ya ƙare.

Daga nan Ƙofar Wambai na nufa, wajen ƙanen mahaifiyata. Kawu wankin hula yake yi, amma abin da aka fi saninsa da shi a unguwa sulhu ne. Rikicin magudanar ruwa, akuyar da ta ci shanyar maƙwabta, duk zaurensa ake kawowa, kuma ana cewa bai taɓa zama a kan magana ya tashi ba a gama ba. Na same shi yana ɗora huluna a kan gungume. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Kai kaɗai ka je?"

"Ni kaɗai, Kawu."

"Ba babba, ba goro? Ka shiga gidan mutane hannu na dukan cinya kana neman haƙƙi da bakinka? Ai ko ni ne ba zan ba ka ba. Karatun nan naku bai koya muku komai ba. Litinin ka zo ka ɗauke ni."

Ranar Litinin muka isa da ƙullin goro fari da ja a cikin ganye, da ledar alawa. Kawu ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofar gilashi, ya rangaɗa sallama kamar yana ƙofar zaure. Manaja tana ganin furfurarsa ta zagayo daga bayan tebur ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa 'yata. Ina gajiya? Ina aiki? Yaya mutanen gida? Yaya jiragen?"

"Suna lafiya, Baba."

Ya tambaye ta garinsu. Da ta faɗa, sai ya ce ai ya taɓa fakewa ruwa a wata rumfa a kasuwarsu, wata tsohuwa ta ba shi dafaffiyar masara, bai manta ba. Suka yi ta lissafin ko kakarta ce. Ni ina tsaye ina duban agogon bango. Sai da aka kawo masa kujera ya ƙi, aka kawo tabarmar maigadi ya zauna, sannan ya kwance goron ya tura gabanta.

"To 'yata, mun zo ne a kan maganar ɗanku. Ga shi nan. Yaro ne, ba shi da wayo, amma ba ya ƙarya. Ya ce kun zaunar da shi tun safe har rana ta faɗi, ga mutane can suna jiransa a kan maganar aure. Ni ban ce kun yi ba, ban ce ba ku yi ba. Na zo in ji daga bakin manya."

Manaja ta dubi goron, ta dubi Kawu a kan tabarma. Ina jin ba a koya mata abin da ake yi da irin wannan fasinja ba. Sai tarbiyyar gida ta rinjayi ta ofis. Ta durƙusa sosai, gwiwa biyu a ƙasa.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Mun yi laifi. Ranar nan jirgin ya makara ƙwarai, kuma ɗanka ya zo, ni ma na gan shi da farin riga. Don Allah a yi haƙuri. A yafe mana."

Ga shaida ta fito! Amma da na dubi Kawu sai na ga fuskarsa ta yi laushi, irin laushin da na sha gani a zaurensa in magana ta zo ƙarshe. Na ja gefen rigarsa.

"Kawu, takardar..."

"Rufe mini baki, manya na magana." Ya juya gare ta. "Tashi, 'yata, tashi. Wanda ya ce na yi laifi ai ya gama biya. Mun yafe, duniya da lahira. Ba ma neman ko sisinku. Shi ma ya yafe." Ya waiwayo. "Ka yafe ko?"

Mai tikiti tana kallona. Maigadi ya leƙo ta taga. Mace babba tana durƙushe a gabana, ga kawuna da furfurarsa. Wanda ya tashi a garin nan ya san amsa ɗaya ce tak.

"Na yafe," na ce, kamar mai haɗiyar ƙaya.

Kawu ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Ya roƙa wa kamfanin albarka, da direbobin jirgi, da injinansa, da tayoyinsa. Manaja ta fi kowa ƙarfin amin. Aka raba goro.

A ƙarƙashin mangwaro na tsaya na kasa tafiya. Kawu yana sa takalmi yana cewa, "Ka ga yadda ake yi? Ko rabin sa'a ba mu yi ba." Ni kuwa ina tsara yadda zan ƙare rayuwata ban yi aure ba, ina koyar da 'ya'yan wasu, wata rana in hango ta a bayan mota ta kau da kai.

Sai ga manaja ta fito da sauri. Ta ce akwai matsala. Kokena ya riga ya shiga kwamfuta, kuma babban ofishinsu na Legas ba ya rufe koke sai da takarda. Suna da takardar wanda aka biya, suna da ta wanda aka hana. Ba su da ta wanda ya yafe, don ba a taɓa yi ba. Ko Baba zai sa hannu a ce an janye magana kawai?

Kawu ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. "A'a, 'yata. Ba a yafe abin da ba a ambata ba. In ba haka ba gobe wani ya ce ba wannan aka yafe ba, wancan ne. A rubuta laifin dalla-dalla, sannan a rubuta an yafe shi."

Muka koma ciki. Ta zauna tana bugawa, Kawu yana tsaye a kanta yana faɗa. Cewa ranar Asabar kaza wannan fasinja ya zo a kan lokaci. Cewa kamfani ya zaunar da shi daga safe har Magariba. Cewa biskit kawai aka ba shi. Cewa saboda haka ya saɓa alkawarin gaida dattijon arziki a Abuja, kuma laifin na kamfani ne, ba nasa ba. Cewa kawunsa ya yafe. Ta buga hatimi, Kawu ya ce bai fito sosai ba, ta ƙara wani. Ya sa hannu da ajami. Ya ce a ba mu kwafi ɗaya, don mai yafiya ma yakan manta ya sake yin fushi.

Tun a harabar na ɗauki hoton takardar da waya na tura wa yarinyar.

Kwana biyu shiru. A na uku, ina cikin gyara littattafan 'yan aji huɗu, baƙuwar lamba ta kira. Da na gane mahaifinta ne sai na tsinci kaina a durƙushe a tsakar ɗaki, ko da yake ba ya ganina.

"Na ga takarda," in ji shi. "Na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, ban taɓa ganin kamfani ya rubuta laifinsa da hannunsa ya buga hatimi biyu ba. Wane ne wannan kawun naka? Lauya ne?"

"Wankin hula yake yi, Baba."

"To ya fi lauyoyin da na sani. Ya sa sun amsa laifi, sannan ya ƙi kuɗinsu. Ku zo tare ranar Asabar. Akwai wani kamfanin da ya ɓatar mini da jaka shekarun baya, da rigunana na aikin Hajji a ciki. Fayil ɗin yana nan. Zan ba shi ya bi mini. Amma ni jakata nake so, ka gaya masa."

Na ce to.

Muka je, aka gaisa, aka sa rana. Da za mu taso mahaifinta ya damƙa wa Kawu fayil mai kauri kamar bulo, Kawu ya karɓa da hannu biyu ya ce an gama. A hanya na roƙe shi, don girman Allah da darajar mahaifiyata, kada ya taɓa maganar jakar nan sai an ɗaura aure. Ya ce bai ga dalili ba, amma ya yi mini wannan alfarma. Ya jira har aka kawo amarya, ya ƙara mako guda a kai, sannan ya shirya goronsa ya tafi kamfanin.

Jakar ba ta dawo ba, don su ma Kawu ya yafe musu. Surukina ya kira ni ya yi faɗa har kuɗin wayarsa ya ƙare, ya sake sa wani katin ya ƙarasa. Matata tana gefena tana tsince shinkafa, ta ce in ba shi haƙuri, in kuma ya ƙi, a tura masa Kawu.