Ruwan Farko Ja Ne

A unguwar babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Famfo ne a bakin kowa, ban da yayarsa, wadda har ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba. Ya koyi aiki ne a zamanin bututun ƙarfe, lokacin da sai an yanka wa bututu zare da hannu, a shafa masa jan fenti, a ɗaure shi da sufana mai nauyin jariri. Bututun roba da ya zo daga baya yana aiki da shi, amma bai taɓa ganin girmansa ba. Yakan ce abin da ake liƙawa da gam wasan yara ne.

Yana da wata sandar ƙarfe mai kan katako. In ruwa na yoyo a ƙarƙashin ƙasa, sai ya kafa tsininta, ya ɗora kunne a kan katakon, ya lumshe ido kamar mai sauraron gaisuwa daga nesa. Maƙwabcinsa tela kan leƙo daga shago ya tambaye shi ko mutanen ƙasan suna lafiya. Shi kuwa ya amsa cewa suna gaishe shi, sun ce ya rage surutu.

Abu ɗaya ne ke haɗa shi faɗa da matan unguwa. Duk lokacin da aka daɗe babu ruwa sannan aka kawo, famfo yakan yi tari, ya yi atishawa, ya fesa ruwa ja wur. Sai su yi maza su rufe, su aika a kira shi wai famfo ya lalace. Ya gaji da gaya musu cewa ba ruwan ne ya zo da tsatsar ba. Tana kwance a cikin bututu tun tuni, ruwan ne ya tashe ta. A bar shi ya zuba, ruwan farko ja ne.

Matarsa ta rasu bayan doguwar jinya. A lokacin wata ma'aikaciyar asibiti ta ja shi gefe ta ba shi shawara ya yi gwajin jini. Ya ce gobe. Goben nan ta yi shekaru tana tafe. Sai da wando ya fara zame masa, bakinsa ya yi fari fat da gyambo, sufanar da yake juyawa da hannu ɗaya ta gagare shi da biyu, sannan yayar ta zo ta kwashe shi da akwatin kayan aikinsa ta kai gidanta, washegari kuma asibiti.

Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta gaya masa yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma ya zo a makare, don garkuwar ta kusa ƙarewa. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka auna majina da jini ko wata cuta ta laɓe, ba a ga komai ba. Ranar da za a fara ba shi magani, yayar tana can layin karɓa, shi kaɗai ke gaban likita. Ta yi masa dogon bayani a kan abin da ka iya faruwa cikin makonnin farko. Sai dai a kusurwar ɗakin akwai wurin wanke hannu, famfonsa na ɗiga, ɗis, ɗis. Kunnensa ya tafi can. Yana ta lissafin cewa robar ciki ce ta cinye, yana gyaɗa kai, likita na tsammanin da ita yake.

Da farko abin ya yi kyau. Ya fara cin abinci, har yana zama a ƙofar gida. Sai kuma zazzaɓi ya rufe shi, wanda ya fi na dā zafi, kaluluwa ta fito masa a wuya kamar ƙwan kaza. Da rana tsaka yakan kwanta a ɗaki, hasken taga na rawa a bango, ya ga kansa ya ƙanƙance yana tafiya cikin wani dogon bututu busasshe. Can gaba matarsa na wanki, tana waƙa ƙasa-ƙasa, ba ta waiwayo ba. Yana jin motsin ruwa a wani wuri mai nisa, amma ya laluba bai sami sandarsa ba.

Da ya farka sai ya yanke hukunci shi kaɗai: kafin ƙwayoyin nan yana iya zama, yanzu ko zaman ya gagara, ashe su ne za su ƙarasa shi. Da yayar ta miƙo masa da safe, sai ya riƙe a tafin hannu, ya kurɓi ruwa, in ta fita ya jefa cikin akwatin kayan aiki. A nan ta gan su wata safiya tana neman ƙusa. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta tuna masa ita ta goya shi. Ya juya fuska bango ya ce a bar shi ya tafi da sauran ƙarfinsa.

Unguwar ta kwana biyu babu ruwa. Da hantsi yana tsakanin barci da ido biyu, sai ya ji famfon tsakar gida ya yi tari. Ya ɗauka cikin mafarkin ne. Famfon ya sake shaƙewa, ya fesa, sannan ya ji takun yayar da sauri tana cewa wannan jan ruwan zai ɓata mata bokiti.

Muryar da ya kwana biyu bai yi amfani da ita ba ta fito da kanta.

"Yaya, kar ki rufe. Bar shi ya zuba."

Takun ya tsaya. Can sai ga ta a bakin ƙofa, hannunta jiƙe, tana kallon wuyansa.

"To, Auta. Kai wa ya ce ka rufe naka?"

Ya kasa kunne. Yana jin ruwan na dukan siminti, kuma a bayan ƙarar, kamar ta cikin sandarsa, maganar likita ta fara dawo masa guntu-guntu: in jiki ya farfaɗo zai tashi abin da ke kwance, ka dawo wurinmu, kada ka daina. Ashe kunnen ya ajiye, mai kunnen ne ba ya nan.

Da azahar tela ya nemo mota suka koma asibiti. Likita ba ta yi masa faɗa ba. Ta sa aka zuƙi ruwan kaluluwar, aka sami tarin fuka da ya ɓuya a can, wanda jiki bai da ƙarfin nuna shi sai yanzu da garkuwa ta fara farkawa. Ta ƙara masa da maganin tarin fukan, ta ce na farkon ma ya ci gaba da sha. Wannan karon yayar ta zauna a ciki, da ta ga idonsa ya koma kan famfon da ke ɗiga, sai ta sa kujerarta tsakaninsa da wurin wanke hannu.

Ruwan bai washe da wuri ba. Ya sha kwanciya, ya sha amai, wuyan ya bar masa tabo. Amma bayan wasu watanni, ranar komawa karɓar magani, yayar ta lura aljihun rigarsa ya yi nauyi. Ta taɓa, ta ji ƙaramar sufana da robar famfo sabuwa.

"Asibiti za mu ko aiki?"

"Ɗigar nan ta isa haka," in ji shi, yana neman takalminsa.