Dawar Kufan Sojoji

Kowane manomi a ƙasar Faskari ya san darajar kufai. Inda mutane suka taɓa zama suka tashi, suka bar toka da juji da kashin dabbobi, nan hatsi ke yin kai. Shi ya sa ranar da sojoji suka naɗe tantunansu daga gonarmu ta bakin daji, yayana ya yi ta fara'a kamar an yi masa haihuwa. Shekara huɗu suna zaune a kanta saboda ɓarayin daji. Ba su nemi izininmu ba da za su zo, ba su yi mana sallama ba da za su tafi.

Tun rasuwar mahaifinmu yayana ke riƙe da gandu. Ni malamin firamare ne, ina da mata da ɗiya guda, amma cikin gidansa nake, kuma daga rumbunsa ake auno mana. Mutum ne da bai ɗaga murya. In ya ce a'a sau ɗaya, to ya gama.

Muka je duba gonar. 'Yan gwangwan sun riga mu, sun kwashe duk ƙarfen da ke ɗaukuwa. Abin da ya rage shi ne waya mai ƙaya, da ruɓaɓɓun buhunan yashi, da fasassun baturan mota, sai wani ƙaton rami a tsakiya inda sojojin suke zuba komai: baƙin mai, ganguna masu yoyo, robobin maganin feshi. Ƙasar ramin baƙa ƙirin, tana maiƙo, tana wani irin wari mai hawa kai. A jikin wata ganga na ga zanen ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu. Na karanta rubutun, na gaya wa yayana guba ce. Ya ce boko ya lalata ni.

Damina ta faɗi, muka shuka masara a gefe guda don gwaji. Ta tsiro rawaya, ganyen ya nannaɗe, ba ta kai gwiwa ba ta ƙone a tsaye. Sannan tumakin yayana uku suka sha ruwan da ya kwanta a ramin. Kafin la'asar cikinsu ya kumbura, suna kumfa, ko wuƙa ba a samu sa musu ba. Mu biyu muka binne su a can. Da muka gama ya karkaɗe hannunsa, ya dube ni.

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," ya ce. "In gari ya ji, ko hatsin sauran gonakinmu ba mai saye a kasuwar Mairuwa. Ka ji ni?"

Na ce na ji. A gida aka ce kura ce ta kama su.

Da bazara ta zagayo sai ga baƙi a garinmu, mutanen wani ƙauye na wajen Damari da ɓarayi suka ƙone. Cikinsu akwai wani dattijo siriri mai furfura a gemu, da matarsa mai goyo, da yara biyu. Mai unguwa ya ba su wani kango a bayan gidanmu. Ba su fito da komai ba sai tukunya, da tabarma, da ƙullin irin dawa a cikin tsumma, wanda dattijon ya ce tun kakansa suke shuka ta. Ranar Juma'a bayan salla liman ya yi roƙo: wanda ke da gonar aro ya taimaki bayin Allah.

Yayana ne ya fara miƙewa. Ya ce ya ba dattijon kufan sojoji, ya noma, bai son komai. Masallaci ya ɗauki kabbara. Kufai guda, aro, ga baƙo! Liman ya yi ta sa masa albarka, dattijon ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana hawaye. Ni ina sahu na uku, kaina a ƙasa.

A hanyar gida na ce, "Yaya, wannan fa shigo-shigo ba zurfi ne. Ka san abin da ke cikin ƙasar nan."

"Mi na sani? Ni na zuba?" ya ce. "Ya cire wayar, ya juya ƙasar, ruwan shekara biyu ya wanke ta, mu amshi abinmu. Ko kai za ka yi mani aikin da allinka?"

Wallahi da ina da zuciya da a nan na tsaya na yi masa ihu. Ban yi ba. Na bi shi muka shiga gida, aka kawo fura muka sha.

Baƙo makahon gari ne, ko da idonsa biyu. Dattijon nan ya shiga gonar da ƙarfinsa duka. Ya cire wayar da hannu, ya tattara baturan ya jibge a kan iyaka. Sannan ya yi abin da duk manomin kirki zai yi in ya samu kufai: ya ga baƙar ƙasa a rami, ya ce taki ne. Ya ari jaki da mangala, ya yi ta haƙo ta yana bazawa, lungu-lungu, har inda gubar ba ta kai ba a da. Wata ranar Asabar na same shi a ciki, tafin hannunsa ya saɓule ya yi ja, ya naɗe da tsumma.

"Malam, dubi arziki," ya ce mini, yana murza ƙasar. "Sojan nan sun ci nama, sun bar mana maiƙon. Allah ya saka wa yayanka."

Na ce amin. Kai, tir da ni! Amin na ce.

Ya shuka irinsa duka, bai rage ko ƙwaya ba. Tsakiyar gonar ta ƙone kamar yadda tamu ta yi. Ya ce ƙila takin ne ya yi yawa, laifinsa ne, ya cika zari. Amma gefe-gefe dawar ta yi ta maza ta tashi, gajera, ta fid da kai. A kanta ya ɗora ransa da na iyalinsa, don ba su da wani abincin shekara sai ita.

Dawa tana cikin nuna sai ga wasu mutane daga birni a farar mota, an turo su duba wuraren da sojoji suka tashi. Suka sa fararen riguna har ka, da safar hannu, da abin rufe hanci, suka ɗebi ƙasa a kwalabe, suka kewaye ramin da jan ƙyalle. Ranar dattijon ya tafi ƙodago a gonar wani. Da suka tambayi mai gona, aka kawo su zauren yayana, ni na yi tafinta. Babbarsu, wata mata mai tabarau, ta ce da rani za su dawo da katafila su kankare ƙasar su tafi da ita. Ta ce kafin nan duk abin da ya tsiro a wurin, kada mutum ya ci, kada dabba ta ci. Ta maimaita, ta ce musamman yara da mai shayarwa. Na juya wa yayana maganar da Hausa, ban rage komai ba.

Ta tambaya ko shi ya shuka dawar. Ya ce wani ne, kuma zai gaya masa da bakinsa. Suka yi godiya suka tafi.

Bai gaya masa ba. Da na tuna masa sai ya ce, "In ka faɗa yanzu, za a ce yaushe muka sani. Ka shirya tsayawa gaban liman ka ba da labarin tumaki?" Nan ya kama ni. Ba tsoronsa kaɗai ya rufe mini baki ba, har da kunyar kaina. Washegari dattijon ya tare ni a bakin rijiya, ya tambaye ni jan ƙyallen na mene ne. Na ce awon fili ne na gwamnati.

Aka yi girbi, dattijon ya samu dami huɗu. Ya ɗauko mafi kyau a ka ya kawo ƙofar gidanmu, kamar yadda mai aron gona ke yi, yana ba da haƙuri wai abin bai yi auki ba. Yayana ya amsa, ya sa masa albarka. Dattijon yana juya baya, yayana ya ce mini in kai damin bayan gari in cinna masa wuta, kuma in kula kada kaji su tsattsagi ko ƙwaya. Na kai, na ƙone. Ina tsaye kan tokar ina jin lugude daga kangonsu.

Bayan kwanaki, da hantsi, ina tsakar gida ina duba littattafan yara, matar dattijon ta yi sallama. Jaririnta na goye, tana riƙe da kwano a rufe da faifai. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙa wa matata. Tuwon sabuwar dawa ne da miyar kuka, ta ce a ɗanɗana, tunda albarkacinmu suka ci. Matata ba ta san komai ba. Ta yi godiya, ta buɗe, ta ajiye a tabarma.

Ɗiyata, 'yar shekara uku, ta rugo ta tsoma hannu ta gutsuro loma.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na kai wa hannunta duka har lomar ta yi tsalle, na shure kwanon ya kife a ƙasa, na damƙi yarinyar ina cusa mata yatsa a baki ina ihu, "Kin ci? Tofar! Kin haɗiye?" Tana tsala kuka, matata tana salati, ni ina ta wanke mata hannu da ruwan buta kamar mahaukaci.

Sai da na ɗago na tuna da matar. Tana nan durƙushe inda take. Ta dubi tuwon a cikin ƙasa, ta dubi hannun ɗiyata da nake ta gogewa, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta kai hannu baya a hankali ta dafa jaririnta.

"Malam," ta ce, "mi ke cikin dawar? Yau kwananmu tara muna ci."