Injin da Aka Tsamo a Gulbi

Tsofaffin unguwar maƙera a Sakkwato ba sa tuna Mode da yawan magana. Da aikin hannunsa suke tuna shi. Maƙeri ne ɗan maƙeri, an haife shi 'yan shekaru kafin Nasara su ci garin, ya tashi yana ƙera fartanya da galma da linzami. Da motoci suka fara shigowa ta hanyar Gusau, sai direbobi suka gane cewa duk ƙarfen da ya karye a hanya, in aka kai wa Mode gutsattsarinsa, zai ƙera irinsa. Da haka ya zama bakanike ba tare da ya bar maƙera ba. Kowane ƙarfe ya gama, sai ya buga masa ɗigo uku a gefe, alamar gidansu tun kakanni.

Ɗansa na fari sunansa Siddiƙu. Sai dai babu wanda ya taɓa jin sunan daga bakin Mode. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da: uba ba ya kiran sunan, ba ya yabon yaron a gaban mutane, ba ya nuna ya san da shi. "Kai" yake ce masa, in kuma ba ya nan ya ce "wancan". Akwai wani maƙwabcinsu mai wannan suna, shi ma "mai sunan yaro" Mode yake kiransa. Haka matarsa Tani take yi. Yaron ya tashi a gindin zuga-zugi yana hura wa ubansa wuta, kuma saboda hannunsa na hagu ya taɓa karyewa yana ƙarami, zugarsa ba ta tafiya daidai. Bugu biyu ne, sai ɗan jinkiri, sai bugu biyu, kamar tafiyar mai ɗingishi. Ko daga cikin gida Tani takan san wa ke zuga.

Da ya girma ya ƙi maƙera, ya bi mota. Ya zama direban wani mutumin Sham mai sayen fatu, yana kai kaya tashar jirgin ƙasa a Gusau. Daga nan ubansa ya samu abin kiransa, ya koma ce masa "Direba". Wata rana Siddiƙu ya zo ƙofar gida da sabuwar babbar mota ƙirar Jamus, wadda ba ta shan fetur sai man gas. Maƙalin da ke riƙe da famfon mai ya tsage, Mode ya ƙera masa wani. Yana ɗaurawa yana neman inda fulogi yake, bai gani ba. Siddiƙu ya yi dariya.

"Baba, wanga ba shi da wuta. Numhwashi gare shi, kamar mutum. In yaƙ ƙi mutuwa, hanci aka toshe mai."

Mode ya ce maganar banza ce, ya ci gaba da ɗauri.

A daminar wannan shekara, gulbin da ake tsallakawa kafin Mafara ya kawo ruwa. Waɗanda ke bakin gaɓa sun ce motar Siddiƙu ta kai tsakiya, ruwa ya ɗaga ta, ta kwanta a hankali kamar saniya, ta nutse. Sun ce har bayan ta ɓace suna jin ƙugin injin a ƙarƙashin ruwa. Masunta sun nemi gawa har suka gaji. Liman ya zo ya ce a yi addu'a a raba sadaka, Mode ya ce ba a binne abin da ba a gani ba. Masu zuwa gaisuwa sukan tarar da shi yana ƙira, ya amsa musu cewa Direba ya yi tafiya. Bai yi kuka ba, mutane suka ce kunya ce. Tani kuwa ta rasa inda za ta ajiye baƙin cikinta, domin ba a yi mata zaman makoki ba, kuma ba ta da ikon ta yi shi ita kaɗai. Takan daka gero da niyyar sadaka, in ya shigo ta ce na fura ne.

Damina ta sake zagayowa, ta kuma zagayowa. A lokacin Mode yana da wata tsohuwar mota da ya saya a matsayin tarkace ya raya ta, taubashinsa Maccido yana tuƙa ta, suna kai albasa da ƙiraga Gusau. Sai injinta ya tsage a hawan wani tudu, tsagewar da ba ta ƙeruwa. Yaƙin Turawa ya riga ya fara, jiragen ruwa ba sa kawo kaya, sabon inji ko a mafarki. Suka nemi tsoho. Sun duba bayan kasuwa, sun aika Gusau, sun aika har Zariya. Duk wanda aka nuna musu, ko an riga an cinye cikinsa, ko mai shi ya ce ba zai sayar ba sai yaƙi ya ƙare. Maccido yakan ce shi dai tun farko ya san bai kamata ya haɗa arziki da maƙeri ba, mutumin da ko tuwo aka ba shi sai ya duba ko ya yi ja kafin ya taɓa. Mode yakan ce direban da ya kashe inji a tudu bai kamata ya buɗe baki ba.

Maccido ne ya kawo labarin Kalambaina, wani ƙauye kusa da Sakkwato. Akwai wani Gidaɗo a can mai haƙar farar ƙasa, ya sayi inji don ya riƙa janye ruwa daga ramukansa, amma injin bai taɓa tashi ba, yanzu so yake ya rabu da shi.

Sun isa rana tsaka, cikin bazara. Ƙasar wurin fara ce fat, tana mayar wa mutum hasken rana a ido, ba tsuntsu ba iska. Leburori suna zaune can nesa a inuwar da ba ta ishe su ba, ga kuwa rumfa mai faɗi babu kowa a cikinta. Gidaɗo ya kai su bakin rumfar ya tsaya, bai shiga ba. Ya ce a wurin masunta ya saye shi, sun jawo shi daga wani gulbi da rani bayan ruwa ya janye. Ya ce shi bai ga komai ba, amma ma'aikatansa sun ƙi zama kusa da shi.

Mode ya yaye zanar da aka rufe injin da ita. Warin laka ya taso, irin na bakin gulbi da safe. Ko'ina a Kalambaina ƙasa ta bushe har ta dare, amma ƙarƙashin injin akwai danshi, faɗin faifai. Yana kallo wani ɗigo ya taru a gindin ƙarfen, ya faɗi. Ya zagaya ta gefen famfon mai, ya sa yatsa ya kankare tsatsar maƙalin. Bai buƙaci ya duba ba. Yatsansa ya ji ɗigo uku.

Maccido ya gani.  Da suka koma gefe ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Taubashi, mu tahi. Wanga ba namu na ba."

"Namu na," in ji Mode.

Gidaɗo bai ja ciniki ba. Shi ya ba su aron amalanke da shanu.

Aikin ya ci sauran bazarar. Injin ya fi na da nauyi da tsawo, sai da Mode ya ƙera masa sababbin ƙafafu, ya ƙara wa gaban motar ƙarfe, ya yanka farantin ƙarfe mai kauri da zai haɗa shi da giya. Ya kwance shi gaba ɗaya ya wanke. Yashi ya fita daga cikinsa, farin yashin gulbi mai laushi, ya share ya zubar. Washegari ya tarar da wani a inda ya share. Ya ce a ransa akwai lungun da bai kai ba. Danshin ma ya biyo su. Duk inda injin ya kwana, ƙasa takan jiƙe, ko da yake ba a zuba masa ruwa ba tukuna.

Ranar tayarwa, suka kunna tsumma suka kara a bakin da yake shaƙar iska, samarin unguwa suka tura motar daga gangaren ƙofar gida. Ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Aka yi ta murna. Mode kaɗai ya tsaya kamar an dasa shi. Da injin ya daidaita, ƙararsa ba ta tafiya daidai. Bugu biyu, ɗan jinkiri, bugu biyu. A cikin gida aka ji taɓarya ta faɗi daga hannun Tani.

Inji tayar da shi ake yi, kuma kashe shi ake yi, haka kowa ke faɗa. Da Maccido ya ce a kashe shi haka nan kada mai ya ƙare, Mode ya dube shi, kallon da ya sa ya janye hannunsa daga wayar da ake ja a kashe injin. Aka bar shi har man da ke gwangwani ya ƙare, ya yi shiru da kansa. Mode ya ce barci injin ya yi.

Daga ranar motar ba ta hau hanya ba. Kullum da hantsi Mode zai zuba ɗan mai a gwangwani, a tura, ya dawo da ita gindin bango, ya zauna a kan turmi yana saurare har man ya ƙare. Albasar mutane ta fara tsiro a buhu. Maccido ya yi ba'a, ya yi faɗa, daga baya ya daina duka biyun. Maƙwabta suka fara bi ta wani lungun. Tani kuwa ta tsinci kanta tana rufe kwano ɗaya fiye da mutanen gidan, ba ta san lokacin da ta zuba ba. In injin yana aiki, takan ji kamar za a yi sallama a zaure, ta gyara mayafi, ta jira. In ya yi shiru, sai ta ji labarin gulbin sabo, kamar yau aka kawo shi. Ta rame. Wata safiya ta tare shi a bakin zaure, abin da ba ta saba yi ba.

"Maigida, kullum sai yam mutu mini sau guda. Ko ka ce mishi shi shigo, ko ka bar shi shi tahi."

 Ya ɗauki gwangwaninsa ya fita.

Ran nan man ya ƙare, injin bai tsaya ba. Mode ya leƙa gwangwanin, ya ga gindinsa a bushe. Ƙarar ta fara hawa. Hayaƙin ya juye fari, mai kauri, ya cika lungun har ba a ganin bango. Maccido ya zo a guje ya ja wayar, ta biyo hannunsa, babu abin da ya canza. Ya fizge bututun man gaba ɗaya ya jefar. Injin ya ƙara ƙarfi. Motar tana rawa a kan tayoyinta, ƙasa tana zubowa daga katangar gidan, mata suna kwashe yara.

Bakaniken yau zai gaya maka abin da ya faru. Yashi ya cinye cikin injin, ya fara shan baƙin man da ke cikinsa, kuma irin wannan ba ya tsayawa sai ya tarwatse. Gaskiya ne. Amma waɗanda suka tsaya a wurin sun ce duk gudun da yake yi, jinkirin nan bai ɓace ba. Bugu biyu, sai ya ɗan tsaya kamar mai jiran a amsa masa. Sun kuma ce ruwa yana zuba daga ƙarƙashinsa, yana gangarowa har ƙofar zauren, inda Tani take tsaye ta ƙi motsawa.

Mode ya dube ta, ya dubi injin. Ya tuna abin da aka gaya masa a wannan ƙofar, ranar da ya ce maganar banza ce. Ya shiga maƙera ya ɗauko tsohuwar fatar zuga-zugi, ta hannun hagu, wadda ya rataye tun da daɗewa bai bari kowa ya taɓa ba. Ya shiga cikin hayaƙin. Ya ninka fatar ya ɗora a bakin shaƙar iska, injin ya zuƙe ta da ƙarfi har ta lotsa, ya danne da tafukansa biyu, ya kwanta a kai da ƙirjinsa. Yana jin abin yana fizga a ƙarƙashinsa, yana neman iska. Ya kai bakinsa kusa da ƙarfen.

"Siddiƙu," in ji shi. "Ya isa. Tahi."

Maccido ya ji. Tani ma ta ji, duk da ƙarar. Kusan shekara talatin suna tare, ba ta taɓa sanin yadda sunan zai fito daga bakinsa ba.

Bugun ya ragu. Biyu, jinkiri. Biyu, dogon jinkiri. Ɗaya. Mode bai ɗaga ba sai da ƙarfen ya daina rawa. Da ya miƙe, tafukansa sun sale, gaban rigarsa ya jiƙe sharkaf. Ya gyara fatar a inda take, ya shafa ta sau ɗaya, yadda ake rufe wa mamaci ido.

Bai shiga gida ba. Haka ya wuce gidan liman da hannuwansa a buɗe, ya tsaya a zaure ya ce ɗansa ya rasu, yana so a yi masa addu'a. Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Tani ta fito da geron da ta daɗe tana dakawa, aka yi gumba aka raba. Mata suka shiga wurinta, ta yi kukanta.

Mode bai sake tayar da injin ba, bai kuma sayar da shi ba. Maccido ya samu tuƙi a wani wuri, yakan biyo ya ce taubashinsa ne kaɗai maƙerin da ya sayi inji ya mai da shi akurkin kaji. Mode ya koma fartanya da galma, ya rayu har bayan Nasara sun tafi. Jikokinsa sun taso sun ga motar a gindin bango, tayoyinta sun nutse a ƙasa, suna wasan ɓuya a ƙarƙashinta. Sun ce wurin a bushe yake ƙayau, ko da damina.