Ayabar Bayan Ɗakinmu

Shekaranjiya ruwa ya tare ni a Sabon Gari, na faka keke napep ɗina na raɓe wurin masu sayar da fulawa a bakin titi. Ina tsaye sai na ji taf-taf-taf bisa kaina, ruwa yana dukan faffaɗan ganye. Na ɗaga kai. Ita ce. Sun dasa ta a tukunyar siminti, wai masu otal ke saye. Mai wurin ya ce, "Oga, za ka saya ne?" Na ce ko kyauta ba na so.

Bari ka ji dalili.

Babanmu gadina ne, mai kula da shuke-shuke a kwatas ɗin malaman jami'a, muna haya a bayan kasuwar Samaru. Lokacin da wayar hannu ta fara shigowa gari, wani malami baƙo da zai koma ƙasarsu ya ba shi wata shuka a gwangwanin fenti. Kowa ya gani ya ce ayaba. Baba ya dasa ta bayan ɗakinmu.

A makon ne Mama ta haifi autarmu, mace. Kaka, uwar Baba, ta zo daga ƙauyensu can gaba da Shika. Ta yi baftisma da tsufanta, amma ba ta saki abin da ta taso ta tarar ba. Baba yana wurin aiki ta ɗauki mabiyiyar jaririyar ta binne a gindin shukar. Ta ce, "Ayaba ba ta mutuwa sai ta bar 'ya'ya. Yarinyar nan za ta cika gida." Da Baba ya dawo ya ji, ya zauna kan turmi, tuwonsa ya huce a gabansa. Na ɗauka gajiya ce.

Abu ya yi ta girma. Gindi ya kumbura kamar randa, ganye ya wuce kwanon ɗaki, jijiyarsa ja. In damina ta sauka sai ka ji kamar ana kiɗa a bayan taga. Amma ko ɗa ɗaya bai tsiro a gefenta ba, nono kuwa babu labari. Ayabar maƙwabta da ke shan ruwan wanka ta yi ta haihuwa, tamu sai ganye. Kaka ta rasu ta bar Mama da tsoron kada auta ta bi sahun shukar. Mama ba ta iya kai wa fasto maganar, don sai ya tambayi me ke ƙarƙashi. Wani ɗalibi da ke haya a gidan ya ce, "Mama, wannan fa fulawa ce." Ta ce, "Fulawar gidanku ce ta fi ɗaki tsawo?"

Ni aka ɗora wa wahalar. Da rani rijiya ta ƙafe, ni ne layin famfo da jarka. Ni ne kwaso kashin kaji, ni ne zuba toka. Har ƙusa Mama ta sa na buga mata, yadda ake yi wa namijin gwanda. To ga abin da ya rikita ni. Da safe kafin Baba ya hau kekensa sai ya sa fartanya ya kwashe takin nan tas, ya sare ganye biyu masu lafiya. Ya ce mini, "Rabin bokiti. Kada ta mutu, kada kuma ta ƙoshi." In na zuba rabi Mama ta mare ni, in na cika Baba ya ja kunnena. Mutum gadina, duk kwatas ana yabon hannunsa, yana hana shukar gidansa ci? Na ce ko dai ya tsani yarinyar ne. Makaranta kuwa kullum a makare, ina warin kaji. Ban ce shukar ce ta fitar da ni a aji uku na sakandare ba, amma da hannunta.

Auta tana firamare abu ya faru. Wani ƙaton kai baƙi-baƙi ja-ja ya fito daga tsakiyar ganyen ya sunkuyo. Mama ta rangaɗa guɗa, ta dafa shinkafa ta raba wa gida. Baba bai ci ba. Da 'ya'yan suka nuna muka ɓare ɗaya: ba nama, sai baƙin ƙwallo kamar tsakuwa. Daga nan ganye ya fara rawaya, gindi ya ruɓe yana wari, ta kife. Babu ɗa ko ɗaya a gefenta. Mama ta hana auta zuwa makaranta, ko atishawa ta yi sai asibitin Shika.

Muna sassare gawar shukar na ce, "Baba, ka san haka za ta yi?"

Ya ce, "Tun ranar da na kawo ta. Irinta sau ɗaya take fure, sai mutuwa. Jan kwananta nake yi."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Uwata ta riga ta binne. In ce ta tone? Ko in ce wa uwarka, da ɗanyen jego, an binne mata mabiyiyar 'ya a gindin abin da ba ya barin baya?"

Ya miƙo mini adda, magana ta ƙare. Ni da na sha marin, ko sannu.

Yau Baba ba ya nan. Gidan an rushe an yi ɗakunan ɗalibai, an shafe wurin da siminti. Auta tana Kaduna da yara huɗu, in na ba ta labarin dariya take yi. Mama ta ce ƙwallayen shukar da ta ɗinke a tsumma ta ɗaura mata a ƙugu ne suka cece ta. Ni da na yi ban ruwan, mata ba ta zauna ba, ɗa babu. Na taɓa tambayar Mama ina aka binne tawa mabiyiyar. Ta ce, "Kai ai a asibiti aka haife ka, ban san inda suka kai ta ba."

Da ruwa ya tsagaita, kafin in tayar da keke, na ce wa mai fulawar ya kula da ruwan da yake ba ta. Ya ce, "In ƙara ne ko in rage?" Na buɗe baki, na rasa ta wa zan ba shi, ta Baba ko ta Mama.